Rugar da Aka Ƙona a Cikin Tele

Har yau idan hira ta kai kan wasannin tele, waɗanda ake jonawa da talabijin, aka tambaye ni wanne ya fi daɗin faɗa, wannan ɗin nake ambata, kuma duk cikinsu babu wanda nake jin haushinsa kamarsa. Sunansa ba zan kama ba, masu yinsa ba su ci in yi musu talla ba. Irin wasan nan ne da ake ba ka jarumi guda da takobi da garkuwa, a sake ka a wata ƙasa mai faɗi, ka yi ta yawo kana faɗa, kana ƙara ƙarfi, kana zaɓar abin da za ka ce wa mutane da abin da za ka yi musu. Na so shi ƙwarai. Shi ne kuma ya shiga tsakanina da abokina na ƙuruciya, ya raba gonar gidanmu da garken da ya saba sauka a cikinta tun zamanin iyayenmu.

Abokin nan nawa Bafillace ne. Gidanmu manoma ne, a wani ƙauye kusa da Gangara, kuma tun kafin a haife mu mahaifinsa yake sauke garkensa a gonar mahaifina duk shekara, da zarar an kwashe amfani an saki gonaki. Shanu su ci kara su bar mana taki, innata ta ba su dammunan gero, ƙwaryar nono kuma ba ta yankewa a gidanmu har su tashi. Ba a taɓa yin ciniki a kan wannan ba, haka muka taso muka tarar. Da aka ce a sa yara lakwal, wato makarantar boko, a ɗakinmu aka ajiye shi, muka yi ƴan shekaru muna kwana tabarma ɗaya, kafin mahaifinsa ya ce karatun ya isa haka ya mayar da shi bayan shanu. Iyayenmu maza duk sun rasu. Yayana ya gaji gonar, shi ya gaji garken, saukar kuma ba ta fasa ba. Wanda ya san ƙasar Damargu ya san abin da takin garke guda yake yi wa gona mai yashi irin tamu. Geronmu tun daga hanya ake gane shi.

Ni kuwa karatun ya ja ni har na zama mushen lakwal, wato malamin makaranta, aka turo ni Tanut. Fadarmu, inda muke taruwa shan shayi, tana bayan shagon wani mai sayar da kayan waya, a ƙarƙashin rumfar zana. Shi ya sayi akwatin wasan hannun wani da ya dawo daga arewa, da manet ɗaya tilo mai aiki, wato abin da ake riƙewa ana juya jarumin da shi, ya jona da tsohuwar telensa. Wutar faifan rana ce, don haka wasanmu na rana ne, daga bayan azahar har batir ya fara ƙara gab da magariba, a ranakun da babu lakwal. Mai shagon Babarbare ne, mutum mai kirki da bakin da ba ya hutawa. Akwai kuma wani tela, ɗan manoma kamar ni, sai sauran samari masu zuwa su tafi.

Wasan na mutum ɗaya ne, mu kuwa muna da yawa, sai muka kafa doka. Jarumi ɗaya ne, na kowa ne. Wanda manet ke hannunsa yana nan da ita har sai an kashe shi, in ya mutu ya miƙa wa na damansa, yadda kofin shayi ke zagayawa. Babu miƙawa don gajiya, babu mutuwar ganganci. Wanda aka kama ya jefa jarumi rami da gangan don gudun wani dodo, shi zai yi ta wanke kofuna har a gaji da yi masa dariya. Ni kuma an ɗora mini karatu, domin maganar wasan duk da Faransanci take fitowa a rubuce, ina karantawa ina mayarwa Hausa. Kowa in ya sami makin ƙarin ƙarfi sai ya zuba shi inda ransa ke so: mai shago a sihiri, tela a harbin baka, ni a garkuwa saboda na san kaina. Jaruminmu ya tashi ya taɓa komai bai ƙware a komai ba, abin tausayi, amma muna son kayanmu.

Abokina kan shigo Tanut a kai a kai, ko ya kawo dabba kasuwa ko ya zo neman maganin shanu, kuma a ɗakina yake sauka. Ranar da na fara kai shi fada, mai shago ya miƙe tsaye ya ce, “Lale da bawana! Mushe, ina ka tsinto mini shi?” Shi kuma ya ce, “Babarbare, ashe har an yarda ka riƙe shago babu ubangidanka a kusa?” Wasan Fulani da Barebari ke nan, tsohon abu ne, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: duk abin da aka faɗa maka, ba ka da iznin fushi. Aka buɗa masa wuri a zagayen, a damana.

Bari in ba masu wasan haƙƙinsu kafin in ci mutuncinsu. Takobin nan yana da nauyi. In ka kai sara ka kuskure, nauyin sai ya tafi da jarumin, ya bar haƙarƙarinsa a buɗe, kuma abokin gaba ba ya yafewa. Yana da numfashi kamar mutum: in ka yi ta danne-danne irin na mai shago, sai ka ga ya tsaya yana haki a gaban wanda zai kashe shi. Dokinsa yana gajiya, yana tsoron wuta, wani lokaci ya ƙi shiga ruwa sai ka sauka ka ja shi. Abin da ya fi komai kuwa shi ne dodanni da namun dajin wasan. Kowannensu kafin ya kawo hari sai ya nuna a jikinsa. Akwai wani ƙaton sa mai ƙaho huɗu da ya zagaye fadarmu kaf yana kashewa, manet tana ta yawo hannu zuwa hannu, har ta iso ga abokina, wanda a ranar ya fara riƙe ta. Ya mutu sau biyu da zagayen ya dawo kansa, a na uku ya ce, “Ku daina kallon ƙahon, ku dubi ƙafar baya.” Da gaske kuwa, dabbar tana tokare ƙafar baya kafin ta zabura. Ya kauce, ya sara, ya kauce, ya sara, har ta faɗi. Daga ranar ya zama gwanin fada, in manet ta shiga hannunsa sai mu gyara zama mu ɗora sabon shayi.

Sararin samaniyar wasan ma abin a yaba ne. Wata rana a tsakiyar bazara, zufa na zuba, sai hadari ya haɗo a cikin telen daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwantar da ciyawa, ruwa ya sauko. Tela ya ce, “Allah Ya kawo mana irinsa,” muka amsa da amin ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Amma wautarsa ma ba kaɗan ba ce. An ce jarumin ya dawo daga yaƙi ya manta sunansa da asalinsa, ya kuma zagaye ƙasar haihuwarsa ba a sami tsohuwa ɗaya da ta dubi fuskarsa ta ce ɗan wane ne ba. Yana shiga gidajen mutane babu sallama, ya farfasa tukwane, ya kwashe abin da ke ciki, mai gida na tsaye yana ce masa Allah Ya kiyaye hanya. Jakarsa guda tana ɗaukar takubba da sulke da itacen girki da cinyar rago, kuma a tsakiyar faɗa yake tsayawa ya cinye cinyar, rauninsa ya warke. Birni na ci da wuta, wata tsohuwa za ta tare ka ta aike ka tsinko mata ganye a bayan dutse, in ka dawo bayan wata guda wutar tana nan tana jiranka. In ka shiga lungu mai ƙunci sai idon wasan ya juya ya nuna maka bango, ana sararka ba ka ganin mai saran. Yawancin mutuwata daga nan ne, ko da yake fada ba ta taɓa yarda da wannan bayanin ba.

Rijiyoyin wasan su suka fi ba abokina dariya. Babu guga, babu igiya, babu jiran layi, ka danna kawai ka ƙoshi. Mutumin da ke yin rabin yini a bakin rijiyoyin Tenhya, sa na jan igiya, ana rigimar wa ya riga wa, ya yi dariya har da hawaye. Akwai kuma wasu makiyaya a wasan, masu hular ƙaho, ba sa magana sai gurnani, ba ka taɓa ganin mai tatsa a cikinsu ko mai ɗaure maraƙi. Da ya fara ganinsu ya ce, “Waɗannan ba makiyaya ba ne, ƴan fashi ne aka ba aron shanu.” Duk wannan dariya muke yi ya wuce. Aibin da ban yafe ba yana gaba.

Abin ya faru a ƙarshen kaka, an gama girbin gero amma wake na gona, ba a kuma saki gonaki ba. Duk wanda ya zauna a ƙasarmu ya san wannan lokacin. Garkuna sun gangaro daga arewa suna jira a bakin gonaki, ciyawar daji ta ƙare, kowa ransa a kusa yake. A makon ne wasu shanu suka shiga gonar waken mahaifin tela suka yi ɓarna, maganar tana gaban mai gari ba a gama ba. Ba shanun abokina ba ne, nasa suna can wajen Tenhya tare da ƙannensa, kuma tela ya san haka.

A cikin wasan kuwa mun iso wani kwari mai gonakin alkama da gari mai ganuwa, a kan tudun da ke samansa kuma akwai rugar masu hular ƙahon nan. Rigimarsu a kan wani marmaro ce. Ni na kawo jarumi bakin kwarin, wasu kuraye marasa daraja suka cinye ni, na miƙa wa abokina manet. Ya shiga gari, sarkin garin ya yi dogon jawabi ina fassarawa: makiyaya sun ɓata ruwa, sun tattake shuka, je ka kore su, ka kashe shanunsu don kada su sami dalilin dawowa. Ya hau tudu, wata tsohuwar rugar ta yi nata: mutanen gari sun kewaye marmaron kakanninmu da katanga, je ka ƙona rumbunansu. Sai wasan ya tsaya, layi biyu suka fito a tele.

“Mushe, karanta mini,” ya ce.

Na karanta. Na sama, ka tsaya wa mutanen gari. Na ƙasa, ka tsaya wa mutanen tudu.

“Na ukun fa?”

“Babu na uku.”

“Duba dai da kyau. Babu inda za a ce a zauna a yi magana? Waɗannan su sha da safe, waɗancan su sha da marece?”

“Wallahi babu.”

Ya janye jarumi ya hau doki. Ya zagaye kwarin nan kaf, ya yi wa duk mai rai magana, har da mai tsaron ƙofa da wata mai shanyar kaya. Kowa jimlarsa ɗaya yake maimaitawa. Ya nufi hanyar da ke fita zuwa ƙasa ta gaba, ya tarar da ƙofar dutse a rufe, da rubutu cewa sai an warware rigimar kwari. Warwarewa suke kiran wannan. Ƙasar da aka zana mata hadarin da ya sa tela addu'a, an rasa wanda zai zana mata dattijo ɗaya mai sulhu. A ƙauyenmu da ba mu da marmaro ko ganuwa, an san a aika wa ardo, a kira mai gari, a je a duba ɓarna, a daidaita, a yi musafaha. Su da suka ƙera duniya sukutum ba su san wannan ba, ko kuma sun sani suka ga ba zai yi daɗin kallo ba.

Fada ta gaji da jira. Mai shago ya ce, “Bawana, yau za mu ga inda zuciyarka take. Zaɓi danginka mana, mu ga ƙarshen amana!” Aka yi dariya. Tela bai yi ba. Ya ce, “Ku bar shi ya zaɓa. Ai mun san wanda zai zaɓa.”

Na san abokina. Wajen kunya Bafillace ne na gaske: ko yunwa na cinsa ba zai ce a ƙara masa tuwo ba, ɗansa na fari ma ba ya kama sunansa. Ga shi a tsakiyar manoma, a kan tabarmarsu, shayinsu a gabansa. Ba zai iya nuna son nasa a gaban mutane ba, ko da nasan zane ne mai hular ƙaho. Ya tambaye ni a hankali, “Wanne ka ce na mutanen gari?” Na ce na sama. Ya danna. Nan take ƙaramar alamar nan ta juya a kusurwar tele, wadda ke nuna wasan ya adana abin da aka yi. Wuri ɗaya yake adanawa, da kansa, ba ya shawara da kowa, kuma ba a komawa baya.

Na zaci faɗa ne da mayaƙa kawai a gama. Ashe maganar shanun da gaske suke. Lamba ta fito a gefe tana nuna yawan da suka rage, kuma ba a wucewa sai ta ƙare. A nan gwanintar da nake yaba musu ta juyo kanmu. Mutanen da suka kasa ba makiyayi hankali sun ba saniya komai nata: yadda take juya kunne, yadda take durƙusawa da ƙafafun gaba kafin ta faɗi, da irin kukan da take yi. Akwai wani ɗan maraƙi da ke zagaya uwarsa bayan ta faɗi, yana tura ta da hanci. Wani ya zauna a ofis mai sanyi ya ɓata lokacinsa yana gyara wannan maraƙin don ya yi kama da na gaske, sannan ya sa shi a cikin waɗanda sai an kashe.

Ni dai addu'a nake a zuciyata a kashe jarumin. Sara ɗaya daga mayaƙan tudu, manet ta wuce hannun na gaba, shi ke nan. Amma hannun abokina ya riga ya iya, yana kaucewa tun kafin ya yi niyya. Dokar fada ta hana mutuwar ganganci, ta hana miƙawa da rai, ga kuma tela ya zuba masa ido yana jiran ya ga ya sassauta. Fuskarsa ko gezau.

Mai shago ya ce, “Kai, bawana, ashe haka ka iya yanka! Gobe in kai ka mahauta.” Wannan wasa ne, kuma yana da iznin yinsa. Amma tela ba Babarbare ba ne, babu wasa tsakaninsa da Bafillace, muryarsa kuma ba ta wasa ba ce. “Kashe! Ga wata can ta ɓuya bayan bukka. Haka ya kamata a yi musu, wallahi haka!” Samarin da ke baya suka ɗauka. Duk saniyar da ta faɗi sai a yi ihu, wasu har da tafi. Wani daga cikinsu ya ce, “Da ma a bakin gonarmu ne.” Na ce a yi shiru zan karanta rubutu, alhali babu rubutun da ya fito. Ba wanda ya ji ni.

Da lambar ta ƙare, bukkoki na ci da wuta, aka mayar da jarumi gaban sarkin gari. Ladan aikin koriyar alkyabba ce da wani takobi mai walƙiya. Sarki ya yi magana, na fassara don aikina ne: “Ƙasa ba za ta manta da kai ba.” Sai aka kira la'asar. Abokina ya ajiye manet a kan tabarma, jarumi na tsaye da ransa. Tun da aka kafa dokar ba a taɓa yin haka ba, kuma babu wanda ya tuna masa ita. Aka zuba shayi na uku, ya karɓa ya shanye don kada a ce ya yi fushi da wasa. Ya yi salla sahu ɗaya da mu. Bayan an sallame ya ce mini akwai saniyar da ba ta da lafiya, gara ya kama hanya tun da sauran rana. Na raka shi ɗakina ya ɗauki sandarsa da jakarsa. Na ce, “Wasa ne fa.” Ya ce, “Na sani, Mushe.” Tun da na fara koyarwa bai taɓa kirana Mushe ba in muna mu biyu.

Aka saki gonaki. Innata ta ware dammunan da ta saba warewa, ta share gindin gawon da suke kafa bukka. Garkuna suka yi ta wucewa ta burtali, ba nasa. Yayana ya kira ni a waya yana tambaya ko na san abin da ya tsare su, na rasa ta inda zan fara gaya wa manomi cewa tele ce. Daga baya labari ya zo cewa sun sauka can wajen Belbeji, a gonar wani. Abokin nawa ya aiko wa innata gaisuwa da man shanu cikin kwalba, yadda ɗa nagari zai yi, amma bai zo ba, kuma bai sake taka fada ba. Da shekara ta zagayo ma haka. Yayana ya koma kwasar kashin awaki a amalanke yana kai wa gona. Geronmu ya zama kamar na kowa.

Fada kuwa ta ƙarasa wasan ba tare da gwaninta ba. Ƙarshensa a gaggauce aka yi shi, kowa ya gani: dodannin farko ne aka sake wa launi, sai wani dogon jawabi, sai sunaye suka yi ta hawa sama. Tela ne ya kashe dodon ƙarshe, da sa'a. Ni abin bai bar ni ba. Na sa a raina cewa layin ƙasa yana da nasa labarin, wataƙila a can makiyayan suna buɗe baki su yi magana irin ta mutane, wataƙila a ba su gaskiyarsu a kan marmaron. Ina son in sami abin da zan kai masa, in ce ga shi na tsaya wa mutanen tudu, ga abin da ya biyo baya. Da babban hutu ya zo na roƙi mai shago ya bar ni in sake farawa ni kaɗai, da hantsi kafin fada ta taru. Na sha wuya, don ni ba gwani ba ne, ƙaton san nan mai ƙaho huɗu kaɗai ya kusa sa ni haƙura. Da na iso kwarin na danna na ƙasa.

Lamba ta fito a gefe, a wurin shanu rumbuna. Mayaƙan gari suna sara irin na mayaƙan tudu sak, hula kawai aka canza musu. Da na gama, tsohuwar ta ba ni jar alkyabba da takobin nan dai mai walƙiya, ta ce, “Ƙasa ba za ta manta da kai ba.” Ko kalma ɗaya ba su sauya ba. Ƙofar dutse ta buɗe. Na ci gaba har ƙarshe don in tabbatar, babu wanda ya sake ambatar kwarin, dodon ƙarshe shi ne, jawabin ƙarshe shi ne. Zaɓin da suka tsare mu a kansa, suka rufe ƙofa, suka hana komawa baya, duk bambancinsa launin alkyabba ne. Ban taɓa jin an raina mini hankali irin na ranar ba. Da sun ce kawai je ka kashe, da ya fi mutunci, don da ba a sa kowa ya nuna inda zuciyarsa take a gaban jama'a ba.

Duk da haka na ɗauka wannan labarin zai yi amfani. Na hau mota na tafi Belbeji ranar kasuwa, na same shi a wajen dabbobi yana riƙe da igiyar wani bijimi. Ya yi murna da ganina, ko dai ya nuna haka. Muka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi inna, ya tambayi yaya, ya tambayi lakwal. Gonar ce kaɗai bai tambaya ba. Muka koma inuwar wata rumfa na ba shi labari duka. Na ce masa duk ɗaya ne, ko wanne ya danna abu guda zai samu, masu wasan ne ragwaye, ba don kowa aka yi ba. Na ce masa inna har yanzu tana share gindin gawo.

Ya saurare ni har na gama, idonsa na kan bijiminsa.

“A wancan ɓangaren mi ake ƙonawa?”

“Rumbuna.”

“Ka ƙona su?”

“Na ƙona, duka.”

“Su wa ke bayanka suna ihu?”

“Ba kowa. Ni kaɗai ne.”

Ya gyaɗa kai. “To ka gani, Mushe. Ba ɗaya ba ne.”

Wani dillali ya kira shi, an sami mai son bijimin. Ya miƙe, ya ce in gai da inna, ya ja igiyarsa ya shiga cikin kasuwa.